Shirin Yau: Na Koma Ruwa da Jaka a Cikina

Da aka cire min babban hanji, aka fito da bakin ƙaramin hanji ta cikina aka manna jaka, na ɗauka ni da iyo mun yi hannun riga. Ashe a'a. Ruwa ba ya cutar da bakin hanjin, har nutso nake da tukunyar iska a baya.

Kafin in shiga, nakan juye jakar, in fitar da iskarta, domin iska tana takurewa a zurfi, in ka taso ta kumbura. Abin tsoron ma bushewar jiki ne, tunda babban hanji ke tsotse ruwa da gishiri. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari ba ya barin hannuna.

Amma fa, sai likita ya amince tukuna.