Dalilin Cikar Gida Ranar Rasuwar Dattijuwa Mai Sana'a

Idan Allah Ya karɓi ran dattijuwa mai sana'a a ƙaramin gari irin Batagarawa, kusa da Katsina, baƙo yakan yi mamakin jama'ar da ke cika zaure da tsakar gida domin ta'aziyya, alhali marigayiyar ba ta taɓa kafa rumfa a kasuwa ba. Kasuwarta tana cikin gidanta: ta sayi gyaɗa da kaka tana araha, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, jikoki su fita talla, ribar kuwa, bisa hukuncin shari'a, halaliyarta ce, miji ba shi da iko da ita. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta tarar cinikin hatsi mai yawa ta hannun matan kulle yake bi, kuma a ganina haƙƙinsu ne a lasafta su cikin attajirai. Da wannan riba ake zubin adashi, a yi wa 'ya'ya da 'yan riƙo kayan ɗaki, wata har ta sauke farali. Masu zuwa sadakar uku da ta arba'in, galibinsu waɗanda marigayiyar ta aurar ne, ko ta ranta wa hatsi da damina.