Ƙanen da ba ya amsa kira

A garuruwan karkara, daga Tawa har Damagaram, akan sami gida mai yaro irin wannan. Ya kai shekara 3 ko 4. Ƙafarsa lafiya, idonsa lafiya, amma ba ya magana. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya shiga wasan yara. Sai ya koma gindin rumbu shi kaɗai, yana jera tsakuwa ko yana kaɗa hannuwa. Ƙarar injin niƙa takan sa ya toshe kunne ya yi ta kuka. In an sauya masa ƙwaryar da ya saba shan hura a ciki, ranar gida babu zaman lafiya.

Wasu su ce iskoki ne. Wasu su ce sammun kishiya ne. Maigida ya sai da akuya, ya sai da tunkiya, ya bi bokaye. Bisashe su ragu, yaro yana nan yadda yake.

Mene ne wannan lalura?

Ana kiranta galahanga. Likitoci suna ce mata otizim. A shekara ta 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali. A shekara ta 2023 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ta fi yawa ga ƴaƴa maza.

Lalurar tana cikin yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu, kuma gado yana da hannu a ciki ƙwarai. Ba laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Ba a ɗaukarta ta hanyar cin tuwo a kwano ɗaya. Babu ƙwaya ko saiwar da ke cire ta. Amma yaron yana koyo. Wani yakan yi magana daga baya. Wani ba zai yi ba, sai dai ya iya nuni da hannu. Wani kuma yakan haddace abu fiye da tsaransa.

Nauyin da ke kan yayarsa

Uwa tana daka, tana ɗebo ruwa, tana kai hura gona. Wa ke tsaron yaro? Yayarsa, yarinya mai shekara 9 ko 10. Ita ke bin sa in ya fita. Ita ake duka in ya ɓace. Sau da yawa ita ake cirewa daga lakwal don ta zauna da shi. A dandali ƙawayenta suna yi mata gori. Wata rana takan ji haushinsa, daga baya ta ji kunyar haushin. Ga shi ita ta fi kowa gane abin da yake so, tun kafin ya yi kuka.

Iyaye su lura da wannan yarinya. A raba tsaro tsakanin uwa, uba, kaka da yayye maza. Kada a hana ta lakwal: karatunta zai amfani gidan duka, har da ƙanen nata. A bar mata lokacin wasa. In yaro ya fasa tulu, kada a tuhume ta. A gaya wa yaran gida gaskiya da magana mai sauƙi: ƙanenku ba mahaukaci ba ne, ƙara da hayaniya suna yi masa ciwo, kuma yana son ku ko bai faɗa ba.

Abin da gida zai iya yi

A yi masa magana gajera, a durƙusa daidai tsawonsa: zo, zauna, sha. A nuna masa abin da ake faɗi. A riƙe lokaci guda na ci, na wanka da na kwana, don sabo yana kwantar masa da rai. In ya yi daidai a yaba masa nan take. A koya masa aiki kaɗan kaɗan, kamar ɓarar gyaɗa ko ba kaji hatsi. Duka ba ya koya masa kome sai tsoro. Ɗaure shi da igiya zalunci ne.

Babban haɗari shi ne ruwa. Irin waɗannan yara sukan fita ba sallama, kuma da yawansu suna son ruwa. A rufe bakin rijiya. Da damana a sa ido ga tabki. A gaya wa maƙwabta da makiyayan gari, duk wanda ya gan shi a hanya ya kama hannunsa a hankali ya maido shi gida.

Yaushe za a je likita?

Yaron da ya kai shekara 1 ba ya amsa sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya fara magana ya daina, a kai shi asibitin da ya fi kusa. A fara duba kunnensa, don sanƙarau yakan bar yaro da kurumta, kuma kurumta dabam take da galahanga. Wasu daga cikin yaran suna da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani. In abin ya fi ƙarfin asibitin ƙauye, a nemi takardar zuwa babbar asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

A shekara ta 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu don tunawa da masu wannan lalura. Manoma da makiyaya, wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Yaron nan amana ne, yayarsa ma amana ce.