Yadda Ake Gwada Motar Binciken Duniyar Mars a Hamadar Maroko

Jama'a da dama sun ji labarin motoci marasa direba da ake aikawa duniyar Mars domin binciken ƙasa da duwatsu, irin su Curiosity da ta sauka a shekarar 2012 da Perseverance a 2021. Abin da ba a cika sani ba shi ne, kafin a amince da irin wannan na'ura, sai an wahalar da ita a nan duniya, a wurin da ya yi kama da inda za ta.

Dalilin haka a fili yake. Saƙon rediyo kan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon nisanta a lokacin. Saboda haka tilas motar ta iya ganin rami ko dutse, ta kauce da kanta. Idan kuwa ta kafe, babu mai tura ta. Haka ta faru da Spirit, motar hukumar NASA ta Amurka, wadda ta nutse a rairayi a 2009, ba ta sake fita ba, aka daina jin ɗuriyarta a 2010.

A ƙarshen shekarar 2018, masana daga Turai suka kai wata mota mai suna SherpaTT kusa da garin Erfoud, a bakin hamadar Sahara ta ƙasar Maroko. Cibiyar bincike ta DFKI da ke Bremen a Jamus ce ta ƙera ta. Ƙafafu huɗu gare ta, kowace da taya a ƙarshenta, da kuma hannu na ɗaukar kaya. A gwajin, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1 ba tare da wani ya juya ta ba.

Sai dai wannan nasara na tare da gumin mataimaka. A irin wannan gwaji, aiki kan fara tun da sassafe. A tabbatar batura sun cika, a goge ƙurar da ta kwanta a idon kyamara, a ɗora motar a babbar mota zuwa fili, a kafa eriya da rumfar kwamfutoci. Da ta fara tafiya, sai mutum ya riƙa binta a ƙafa, riƙe da maɓallin tsayarwa, don kada ta afka kwazazzabo. An hana shi nuna mata hanya, ko da ya ga tana neman ɓata, domin kuskurenta ake son gani. Tafiyarta kuwa ta hawainiya ce, sai mai haƙuri. Da yamma a kwashe bayanan da ta tara, a rubuta duk inda ta tsaya da dalilin tsayawar, injiniyoyi su kwana suna gyara.

Kowace matsala da aka gano a hamada, an tsira daga gamuwa da ita a inda babu makaniki.