Abin da yaro ke koyo cikin mako guda a ajin CI



Kwanan baya, bayan mun idar da sallar isha'i, wani dattijo daga cikinmu ya tsayar da ni a bakin ƙofa, riƙe da kayen jikansa. Ya buɗe mini ya ce: "Liman, duba nan. Wata biyu ke nan yaron nan yana zuwa lakwal, ba komi ciki sai ƴan zane-zane kamar kaza ta yi tono. In na tambaye shi me suka yi yau, sai ya ce waƙa da wasa. Ashe ba gara ya riƙa raka uwarsa kasuwa ba?" Na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Shi ya sa na nemi izini wurin darakta, na zauna a bayan ajin CI tun daga Litinin har Juma'a, don in gani da idona in zo in ba ku labari.

A nan Nijar makarantar firamare aji shida ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. CI ita ce ta farko, inda ake karɓar yaro ɗan shekara 6 ko 7. Shekarar karatu tana somawa a watan Oktoba, ni kuwa na je cikin Nuwamba, lokacin da yara suka riga suka san wasula, wato a, i, o, u, e, tare da harafin m. Aikin wannan mako shi ne harafin t a karatu, da lamba 7 a lissafi. Harafi ɗaya, lamba ɗaya, kwana biyar. Ga yadda aka raba su.

Ran Litinin da ƙarfe 8 aka yi layi, aka ɗaga tuta, aka rera taken ƙasa. Kafin a shiga aji malama ta bi yara ɗaya-ɗaya tana duba farce da fuska. Da aka zauna sai ta fito da tumatir daga jakarta, ta faɗi sunansa da Faransanci cikin gajeriyar jimla, yara suka maimaita, layi-layi, sannan biyu-biyu: wannan ya yi tambaya, wancan ya amsa. Ba a rubuta ko ɗigo ba. Dalili kuwa shi ne, yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci a gida bai taɓa jin wannan harshe ba, kuma ba a karanta abin da kunne bai sani ba. Daga ƙarshe ta riƙa faɗin kalmomi, ta ce duk wanda ya ji sautin t ya tafa hannu. Wannan tafi shi ne yaro zai koma gida ya kira wasa, alhali kunnensa ake horarwa.

Ran Talata ido ya karɓi aiki. Malama ta rubuta jimlar jiya a babban allo, ta share sauran kalmomi ta bar "tomate", ta raba ta gaɓa-gaɓa, ta yi ta sharewa har saura t shi kaɗai. Yara suka zana shi da yatsa a iska, suka zana a kan tebur, aka fita tsakar makaranta suka zana a rairayi, sai daga baya aka ɗauko alli da ƙaramin allo, wanda suke kira ardwaz. A nan na gane amfanin zane-zanen da dattijon nan ya raina. Tun Oktoba ake sa su jan layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, da ƙugiya. To, t ba wani abu ba ne illa layi a tsaye da ɗan guntu a gicciye. Hannun da bai saba riƙon alli ba ba zai iya tsayar da shi ba. Akwai kuma batun inda ake farawa. Yaranmu da yawa suna zuwa makarantar allo, inda ake bin rubutu daga dama zuwa hagu. A nan kuwa daga hagu ake tasowa. Na ga yara fiye da ɗaya sun fara daga dama, malama ta kama hannunsu ta mai da su. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, hanya biyu ce ta haɗu a hannu ɗaya, kuma da sabo take warwarewa.

Ran Laraba aka yi haɗi: t da a, ta, t da i, ti, t da o, to. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan mataki. Mu ma da babbaƙu muke farawa, yaro ya san harafi tsurarsa, sannan a shiga farfaru, a ɗora masa fataha da kisira da rufu'a, ya ce ta, ti, tu. Hanyar ɗaya ce. Sai dai akwai tarko guda da nake so ɗalibanmu su lura da shi in suna taimakon ƙannensu: u na Faransanci ba shi ne sautin rufu'a ba. Sautin da muke ji a "tuwo", da o da u haɗe suke rubuta shi, ou. U shi kaɗai kuwa sai an tsuke leɓe ake fitar da shi. Kafin a tashi, malama ta haɗa harafin makon jiya da na wannan mako, ta rubuta "moto". Wata ƴar yarinya ta yi ta jan gaɓoɓin, mo, to, mo, to, can sai ta gane abin da ta faɗa, ta yi tsalle ta nuna babur ɗin darakta da ke ajiye gindin bedi. Kalmar farko ke nan da ta karanta da kanta.

Lissafi kuwa kullum ana yin sa, amma ran Alhamis na fi sa masa ido. Tun Litinin kowane yaro yake ƙirga tsakuwa bakwai ko marufan kwalba ko ƴan karare. Talata suka zana ɗigo bakwai, Laraba suka rubuta lambar 7 kanta. Ran Alhamis sai aka ce a raba tsakuwoyin kashi biyu: wannan ya sami 5 da 2, wancan 4 da 3, wani 6 da 1. Ba a ce musu tarawa ko ɗebewa ake yi ba, amma tushensu ke nan. Sannan malama ta yi wata dabara da ake kira La Martiniyar, daga sunan wata makaranta ta birnin Liyon a Faransa. Ta yi tambaya, ta buga tebur, kowa ya rubuta amsa a allonsa. Ta sake bugawa, kowa ya ɗaga allo sama. Da kallo ɗaya ta san wanda ya gane da wanda aka bari a baya, ko da ajin cike yake maƙil.

Ran Juma'a bita aka yi. Malama ta faɗi gaɓoɓi suka rubuta da ka, aka karanta kalmomin mako, sai aka raba kaye kowa ya rubuta layi biyu na t da layi ɗaya na 7. Kun ga ke nan aikin kwana biyar, layi uku kawai ya bari a takarda. Sauran an yi shi a baki, a rairayi, da kan allon da ake gogewa. Waƙa ma da aikinta: tana daidaita lafazi, tana ƙarfafa hadda. Wasan tsalle da ake cewa dama, hagu, gaba, baya, shi zai taimaki yaro gobe ya raba b da d, kamar yadda namu ke raba ba da ta ta wurin ɗigo, sama ko ƙasa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A makon nan akwai yaron da bai zo Talata da Laraba ba, an ce an tura shi rakiyar kaya kasuwa. Da ya dawo ran Alhamis, ƴan'uwansa na karanta "moto", shi ko yana kallon allo kamar baƙo. Bai ga harafin ba, bai zana shi ba, bai haɗa shi ba. Mako mai zuwa sabon harafi zai zo, kuma a kan t za a ɗora shi. Malama ɗaya ba za ta tsayar da aji duka don mutum ɗaya ba. Haka yaro ke tara giɓi, yau kwana biyu, gobe biki, jibi talla, har ya kai CE1 bai iya haɗa baƙi ba. Sai a ce ba shi da kai, a cire shi. Alhali kansa lafiya lau, kwanakinsa ne aka cinye.

Saboda haka ga abin da nake roƙon iyaye. A tura yaro kullum, kuma kan lokaci, don darasin karatu da safe ake yin sa. Kada ya fita da yunwa, ko koko ne a ba shi. A tabbata yana da allo da alli da ɗan tsumman gogewa. Kuɗinsu bai kai na goron yini ba. In ya dawo, maimakon "me kuka yi yau", a ce masa: "Wane harafi kuke kai? Zana mini shi a ƙasa." Ko uban da bai yi boko ba zai iya wannan. In aka ga yaro yana matse ido ko ba ya juyowa in an kira shi, a gaya wa malama ta matso da shi gaba, a kuma kai shi asibiti a duba. Malaman allo su ma mu daidaita lokaci, na asuba da na yamma, don kada yaro ya makara can saboda nan. Ku kuma manyan ɗalibai, minti goma bayan magariba tare da ƙaninku ya isa.

Dattijon nan na koma na same shi, muka kira jikan, na ce ya zana mana harafin mako. Ya durƙusa ya ja t a ƙasa, ya ƙara o, ya karanta. Kakan ya yi shiru, can ya ce gobe shi da kansa zai raka shi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri.