Abin da Ya Sa Fayil Ke Ɓacewa Idan An Tayar da Kwamfuta da Filashi

Idan Windows ta ƙi tashi, mai gyara a Tambuwal ko Kebbe kan iya soka filashi mai ɗauke da Ubuntu, kwamfutar ta tashi daga jikinsa, a ceto hotuna da takardu. Sai dai duk fayil ɗin da aka ajiye a fuskar wannan Ubuntu ɗin, da zarar an kashe kwamfutar ko an ɗauke wuta babu batir, ya tafi.

Wannan ba matsalar filashi ba ce, haka aka tsara abin. Babbar manhajar tana dunƙule cikin fayil mai tsarin SquashFS, wanda karantawa kawai ake yi, ba ya karɓar rubutu. Sai a shimfiɗa wani bene a samansa cikin RAM. Abin da ke haɗa benayen biyu su zama ɗaya a idon mai amfani shi ne OverlayFS, wanda ya shiga Linux 3.18 a Disambar 2014. Kamar a ɗora farar leda a kan shafin littafi ne a yi rubutu a kanta: ido na ganin duka biyun, amma shafin bai taɓu ba.

Idan aka gyara fayil, sai a kwafo shi ɗungurungum zuwa benen sama a gyara kwafin, ko da harafi ɗaya za a canza. Idan aka goge shi, alama kawai ake sawa ta rufe shi, asalin yana ƙasa. Shi ya sa gogewar ba ta ƙara fili, kuma sauke manyan bidiyo a kwamfuta mai RAM 4GB kan sa ta daskare.

Wayar Android ma ta raba benaye, amma ta wata hanyar. Ɓangaren manhaja a kulle yake, hotuna da WhatsApp kuma suna wani ɓangare dabam da ba ya cikin RAM. Don haka kashe waya ba ya cinye su, sai dai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Mai ceto takardun makaranta ko silif ɗin JAMB ya kwafe su kai tsaye zuwa filashi na biyu ko waya, ya buɗe su a can ya tabbatar, kafin ya taɓa maɓallin kashewa.