Wardi: Furen Kyauta da 'Ya'yansa Masu Amfani

A ƙasar Hausa idan mutum ya tashi nuna ƙauna ko girmamawa, abin da ya fi zuwa hannunsa shi ne goro, ko turare, ko tufa. Amma a ƙasashen Turai da na Gabas ta Tsakiya akwai wani fure wanda ya daɗe yana yin wannan aiki, wato wardi. Mai karatu zai yi mamakin yadda abin da ba a ci, ba a sha, wanda kuma yake yaushi cikin mako guda, ya sami irin wannan daraja. Wannan maƙala za ta duba dalilan hakan, sa'an nan ta waiwayi wani sashe na itacen wanda ba a cika kulawa da shi ba, wato 'ya'yan da yake yi bayan fure ya kaɗe.

Asalin Sunan

Kalmar wardi ta shigo Hausa daga Larabci, inda ake cewa ward. Masana harsuna suna ganin Larabawa ma sun aro ta ne daga tsofaffin harsunan ƙasar Farisa, kuma daga wannan saiwa ce kalmar gul ta Farisanci ta tsiro. Da ita ne Shaihu Sa'adi na Shiraz ya raɗa wa littafinsa na shekarar 1258 suna Gulistan, ma'ana lambun wardi. Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ya fi sanin wardi a cikin kwalba, wato ruwan wardi da man wardi, fiye da yadda ya san shi a kan reshe. Dalili kuwa shi ne itacen ya fi son ƙasa mai sanyi. Nau'o'insa na daji sun haura 100, kuma kusan dukkansu 'yan arewacin duniya ne, musamman nahiyar Asiya.

Dalilan Darajarsa

Dalili na farko shi ne ƙamshi. Tun a ƙarni na 9 Alkindi, masanin nan na Bagadaza, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsar ƙamshi ta hanyar tururi. Har yanzu da wannan dabara ake aiki a Kazanlak ta Bulgeriya, da Isparta ta Turkiyya, da Ƙamsar kusa da Kashan a Iran, da Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya. A watannin bazarar can, masu tsinka sukan fita tun da asuba, domin da rana ta ɗaga sai man da ke cikin furen ya fara tashi. Akan zuba furen da ruwa cikin tukwanen jan ƙarfe a hura wuta, tururi ya bi bututu ya huce, mai ya taso a kan ruwa. Kafin a sami kilo ɗaya na mai sai an dafa fure kilo 3,000 zuwa 4,000. Wannan shi ya sa man wardi na ainihi yake cikin turaruka mafi tsada. Idan za a wanke cikin ɗakin Ka'aba ma, akan gauraya ruwan zamzam da wardi.

Dalili na biyu shi ne ma'anar da aka ɗora masa. A shekarar 1819 aka buga wani littafi a Faris a kan harshen furanni, wanda ya bai wa kowane fure saƙonsa, al'adar kuwa ta bazu zuwa Ingila da Amurka. A yau jan wardi soyayya yake nufi, fari yana nuna tsarkin zuciya, ruwan hoda godiya, ruwan ɗorawa kuwa abota, ko da yake a littattafan dā kishi yake nufi. Saboda haka mai nauyin baki yana iya miƙa fure ya faɗi abin da harshensa ya kasa. Sai dai kowace ƙasa da irin nata ladabin. A Rasha, alal misali, ba a bai wa mai rai fure biyu ko huɗu ko shida, domin adadin da ke rabuwa biyu daidai na makabarta ne. Sai dai ɗaya, ko uku, ko biyar. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen kuwa, ranar 23 ga Afrilu ce ake musayar wardi da littafi.

Dalili na uku shi ne tarihi. Gidajen sarauta biyu na Ingila da suka gwabza yaƙi daga 1455 zuwa 1485, gidan Yok farin wardi ne tambarinsa, gidan Lankasta kuwa aka danganta shi da ja. Da Sarki Henri na Bakwai ya hau gado ya auri 'yar gidan Yok, sai ya haɗa furannin biyu suka zama tambari guda, alamar sulhu. Haka nan a 1945, wani nau'i da Bafaranshe Faransis Meyan ya samar aka raɗa masa suna Salama, aka kuma bai wa wakilan da suka taru a San Faransisko don kafa Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar furensa.

Akwai kuma dalili na huɗu, wanda ya fi sauran zurfi. Rashin daɗewar furen shi kansa yana daga cikin darajarsa. Wanda aka bai wa tufa yana iya cewa an ga bukatarsa ne. Wanda aka bai wa fure kuwa ya san ba wata bukata aka biya masa ba, an dai tuna da shi ne kurum.

Wannan sha'awa ta zama babban ciniki. Yawancin wardin da ake sayarwa a Turai ranar 14 ga Fabrairu, lokacin da sanyi ya hana shi fure a can, daga gonakin da ke gefen tafkin Naibasha a Kenya da kuma na Habasha yake fitowa. Akan yanke shi, a sanyaya, a ɗora a jirgin sama zuwa kasuwar gwanjon furanni ta Alsmir a Holan. Na Amurka kuwa daga Kolombiya da Ekwado ya fi zuwa.

'Ya'yan Wardi

Idan ba a yanke fure ba, ƙudan zuma suka ziyarce shi, sai gindinsa ya kumbura ya zama ɗan ƙwallo kamar girman magarya, ja ko ruwan lemo, wanda yake nuna a lokacin kaka. Nau'o'in daji masu ganyen fure biyar, irin su Rosa canina na Turai da Rosa rugosa na gabashin Asiya, su suka fi yin 'ya'ya. Na kyauta kuwa, wanda aka yi ta zaɓe har ganyen furensa ya cunkushe, ba ya cika yin su ba, domin yawan ganyen nan ya samu ne daga sassan da ya kamata su ɗauki garin haihuwa.

Babban amfanin waɗannan 'ya'ya shi ne bitamin C da ke cikinsu, wanda ya ninka na lemon zaƙi sau da yawa. Rashin wannan sinadari shi ke kawo ciwon nan mai kumbura dasashi har ya riƙa zubar da jini. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwa suka daina kawo lemo Ingila, sai Ma'aikatar Lafiya ta yi kira a 1941 a shiga daji a tsinko 'ya'yan wardi. Yaran makaranta da ƙungiyoyin mata suka amsa, aka tara kimanin tan 200 a wannan shekara, aka dafa shi da sukari aka zuba a kwalabe domin ƙananan yara. Abin da aka saba bar wa tsuntsaye a bakin hanya sai ga shi ya zama abin kare lafiyar jarirai.

A Suwidin akan yi wani kunu mai zaƙi da su, wanda suke kira niponsoppa. A Jamus da Turkiyya akan dama su da sukari a shafa a burodi, ko a busar a yi shayi. A nan ne ma ƙasashenmu suka shigo zancen. Shayin 'ya'yan wardi shi kaɗai ba shi da kala sosai, don haka masu haɗa shi a Jamus sukan gauraya shi da zoɓo, irin wanda ake nomawa a Sudan da arewacin Nijeriya, don ya ba shi ja da tsami. A ƙasar Cile kuwa daga ƙwayar ake matse wani mai wanda ake shafawa a fata.

Amma akwai hattara guda uku. Na ɗaya, a cikin kowane ɗa akwai ƙananan gashi kewaye da ƙwayoyin, masu ƙaiƙayi kamar na gero, waɗanda dole a kankare su ko a tace da ƙyalle kafin a sha. Na biyu, doguwar tafasa tana rage bitamin ɗin. Na uku, wardin kanti akan yi masa feshin maganin ƙwari, saboda haka ba a cin komai nasa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa itace ɗaya ne yake ba da kyauta iri biyu, amma ba daga reshe ɗaya ba. Duk furen da aka yanke aka miƙa wa masoyi, ɗansa ya tafi ke nan. Mai son 'ya'ya kuwa sai ya haƙura ya bar furen ya tsufa a kan itace, ya kaɗe da kansa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Don haka ne masu lambu da suka san sirrin itacen sukan yanki furen farkon shekara su yi kyauta da shi, sa'an nan su bar na ƙarshe ya ƙulla 'ya'ya, su tsinka bayan sanyin farko ya sauka, lokacin da suka yi laushi, zaƙinsu kuma ya fito.