Ido Ke Saiti, Yatsa Ke Ɓata Harbi

A gasar Olamfik ta 2024 da aka yi a Faransa, hoton wani ɗan Turkiyya mai shekara 51, Yusuf Dikec, ya karaɗe duniya. Ya tsaya hannu ɗaya a aljihu, ba tabarau na musamman irin na abokan karawarsa, amma shi da abokiyar wasansa suka tashi da lambar azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10. Jama'a suka yi ta yaba kaifin idonsa. Masu koyar da harbi kuwa wani wuri suke duba, wato ɗan yatsan nan manuni da ke kan kunamar bindiga. A nan yawancin harbi ke lalacewa, kuma wannan ya shafi ɗan wasa kamar yadda ya shafi ɗan sandan da aka damƙa wa makami don tsare rayukan mutane.

Lissafin abin ba shi da wuya. Bindigar Glock 17, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama ke ratayawa, ko an cika ta da harsashi nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, amma kafin ta tashi sai yatsa ya matsa kunamarta da ƙarfin kusan kilo 2.5. Ke nan ana so mutum ya ɗora wa abu ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau biyu, kuma abin kada ya motsa. Tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta baya da ta gaba kimanin santimita 16 da rabi ce kawai, saboda haka idan bakin bindiga ya goce da milimita ɗaya tak a lokacin da ta tashi, harsashi zai sauka kusan santimita 15 daga inda aka nufa a nisan mita 25. Shi kuwa hannun ɗan Adam ba a halicce shi don yatsa ɗaya ya yi aiki shi kaɗai ba. Mutum ya miƙa hannunsa ya lanƙwasa manuni da sauri, zai ga sauran yatsun suna biye masa. Abin da ya sa mai harbi da hannun dama da ke fizgar kunama yakan iske ramukansa sun taru a ƙasa ta hagun allo ke nan, bahago kuma a ƙasa ta dama. Malami mai idon sana'a yana duban allon ya faɗi laifin tun bai ga mai harbin ba.

To me ke kawo fizgar? Abu biyu ne, kuma dukansu a kai suke. Na farko kwaɗayi ne. Babu hannun da ke tsayawa cak, ko na zakaran duniya ne. Alamar saiti kullum tana ɗan yawo a kan allo, sai mai koyo ya riƙa jiran ta gifta tsakiya don ya cafke lokacin. Kafin saƙo ya tashi daga ido ya isa yatsa, alamar ta wuce, ga kuma fizgar ta ƙara karkatar da bindigar. Na biyu tsoro ne. Jiki ya san ƙara da naushi na tafe, sai ya tura bindigar ƙasa don ya tare su tun ba su zo ba. Masu horarwa suna da dabarar tona wannan asiri: su cakuɗa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya san gurbinsa ba. Da ya zo kan na bogin, sai a ji ƙas ba ƙara, amma kowa ya ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa. Daga nan gardama ta ƙare.

Maganin duka biyun ɗaya ne, mutum ya yarda da ɗan yawon da hannunsa ke yi, ya riƙe bindiga da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ɗora tsokar gaɓar farko ta yatsa a kan kunama, ya riƙa ƙara matsi kai tsaye zuwa baya ba tsayawa har ta tashi. Kamar mai koyon mota ne da kuloci: in ya sake shi gaba ɗaya mota ta zabura ta mutu, in ya bi shi a hankali ta tashi lafiya. Bayan ƙarar ma ba a sauke hannu nan take, ana ci gaba da kallon alamar na ɗan lokaci. Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a 1976, ya koyar da cewa a bar tashin bindigar ya zo wa mai harbi kamar ba zata, don kada jiki ya sami damar riga ta motsi. Mafi yawan wannan horo kuma ba ya cin harsashi ko ɗaya, domin manyan 'yan wasa suna shafe sa'o'i suna matsa kunamar bindigar da aka tabbatar ba komai a cikinta, suna lura ko alamar ta girgiza.

Wani zai ce ai wannan baiwa ce, ko dai an haife ka da tsayayyen hannu ko ba a haife ka da shi ba. Tarihin Karoly Takacs na ƙasar Hangari ya isa amsa. Gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma ya koya wa na hagu daga tushe, ya ci zinare a Landan a 1948, ya maimaita a Helsinki a 1952. Wani kuma zai ce tunda nauyin kunama ne matsala, a sassauta ta mana. Akwai gaskiya a nan. A baya rundunar 'yan sandan New York ta daɗe tana ba jami'anta bindigogi masu kunamar da ta haura kilo 5 don gudun harbin kuskure, kuma binciken cibiyar RAND na 2008 ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006 kashi 18 cikin 100 na harsasan da suka harba a musayar wuta ne kawai suka sami wanda aka nufa. Ba kunama kaɗai ta jawo haka ba, akwai firgici da duhu da gudu, amma nauyinta bai taimaka ba. Sai dai sassauci ma yana da nasa sharrin. A Beijin a 2008, Matthew Emmons na Amurka yana kan gaba da tazara mai kyau a harbin doguwar bindiga, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare, sai yatsansa ya taɓa kunama tun bai gama daidaita saiti ba. Ya sami maki 4.4, ya faɗo na huɗu. Hukumar wasan ta duniya, ISSF, ita ma ba ta bar abin sakaka ba: a bindigar iska ta mita 10 dole kunama ta ɗauki aƙalla giram 500, kuma da wannan ƙa'idar Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci maki 594 cikin 600 a 2009, a allon da da'irar tsakiyarsa milimita 11.5 ce.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa wa ke da lokacin lallaɓa kunama a ranar tashin hankali. Amma santsin matsi daban, jinkiri daban. A gasar harbin sauri ta mita 25, ɗan wasa yana harbin allo biyar cikin daƙiƙa 4, da hannu ɗaya, da kunamar da ba ta gaza kilo ɗaya ba, kuma ƙwararru ba su cika kuskure ba. Motsin dai shi ne wanda aka koya a hankali, maimaici ne ya gajarta shi.

A Najeriya doka ta tsaurara mallakar ƙaramar bindiga, don haka akasarin masu riƙe ta bisa ƙa'ida jami'an tsaro ne, kuma mun sha jin an ce bindiga ta tashi bisa kuskure bayan an rasa rai a shingen bincike. Bindigar zamani mai lafiya da wuya ta tashi ba a taɓa kunamarta ba. Darasin farko a wannan fanni shi ne yatsa ya kwanta a miƙe a jikin bindiga, nesa da kunama, har sai an yanke shawarar harbi an kuma san abin da ke bayan wanda aka nufa. Hukumar da ta ba jami'i makami ba ta ba shi isasshen lokacin horar da yatsansa ba, tana da kaso a alhakin duk harsashin da ya ɓace hanya.